Kawu, Ma'ajin Da Ya Ƙi Sa Hannu

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya. An kai shi makwancinsa a Dutsin-Ma bayan sallar azahar, ni kuwa har yau zuciyata ba ta kwanta ba. Ba da mutuwar nake fushi ba, wannan hukuncin Ubangiji ne. Abin da na gani a zaman makoki ne ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ranar farko mutanen ƙauye ne suka cika gidan. Wata tsohuwa ta zo daga Makera a kan babur ɗin haya. Ta shigo tsakar gida, ta zauna bakin tabarma, ta fara naɗe hannun rigarta zuwa sama kamar yadda ta saba yi duk ranar da ta zo gidan. Sai da ta kai gwiwar hannu sannan ta tuna abin da ya kawo ta. Ta sauke rigar, ta rufe fuska da mayafi.

"To yanzu wa za shi auna mini jini?" in ji ta.

A ƙofar gida kuma, maigidana ya ba ni labari, wani mahauci daga Kurfi ya yi ta maimaita wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa Kawu ya hana shi gishiri shekara da shekaru, ya sha zaginsa a zuci, ga shi yau yana nan da ƙafafunsa, mai hanawar ya tafi.

Sai rana ta uku 'yan ƙungiyarsu ta ma'aikatan lafiya suka iso daga Katsina cikin motoci. Suka nemi izinin shiga su yi wa matar Kawu gaisuwa, wadda dukanmu muke kira Hajiya. Shugaban ƙungiyar ya durƙusa ya ce sun yi rashin ginshiƙi, rashin da ba za su iya cike gurbinsa ba. Ya miƙa ambulan, sakatarensu mai farin gilashi ya ɗaga waya ya ɗauki hoto daidai lokacin da hannun Hajiya ya taɓa ambulan ɗin. Ta ajiye shi gefen tabarma ta ce, "Allah ya ba da lada." Da suka fita ta jawo ni kusa.

"Mai farin gilashin nan, ba shi ne ya aiko ma Kawunki da takardar nan ba?"

Na ce shi ne.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da jan carbinta. Zan zo kan maganar takardar, amma sai na fara faɗin ko wane ne Kawu.

Kawu ba likita ba ne. Nas ne, ya yi aiki a asibitocin gwamnati har ya yi ritaya, kuma duk wanda ya kira shi likita sai ya gyara masa. Shi ya saka ni makarantar koyon aikin jinya, shi ya biya mini har na gama, yanzu ina aiki a Kurfi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Tun yana aiki hawan jini ya tsaya masa a rai. Ya ce ya gaji da ganin magidanta ana shigo da su a kan tabarma, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, 'yan uwa suna cewa iska ce ta buge su. Da likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magani suka kafa reshen ƙungiyarsu ta masu kula da hawan jini a jiharmu, yana cikin waɗanda suka fara rubuta suna. Aka ba shi ma'aji domin kowa ya san hannunsa ba ya buɗuwa da sauƙi. A lokacin yabo ne.

Yana da wata baƙar jaka da na'urar awon jini a ciki, ba ya rabuwa da ita. Ɗaurin aure, suna, zaman makoki, ko'ina da ita yake zuwa. Kana cikin gaishe shi zai dube ka ya ce, "Zauna. Kada ka yi magana, huta tukuna." In ka ce ai lafiyarka lau, sai ya ce, "Duk wanda aka kawo mini a kwance, jiya lafiyarshi lau." A gida kuwa shi da Hajiya sun shekara talatin suna faɗa a kan miya. Yakan shiga madafa ya ƙirga dunƙulen magin da ta ɓare. Ita kuma ta koyi ɓoye ɓawon a cikin toka. Ya sani, ta san ya sani, haka suka zauna.

Aikin da ya fi so shi ne na ranar kasuwar Kurfi. Da sassafe zai taso daga Dutsin-Ma, ya ajiye tebur da benci a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya kusa da 'yan hatsi. In ba ni da aiki ranar, ina zuwa in taya shi. Muna aunawa, yana rubuta wa kowa awonsa a ɗan kati. Wanda nasa ya hau sosai, ya tura shi asibiti da takarda. Wani lokaci ƙungiya takan turo likita ɗaya ya zauna da mu ya rubuta magani. Daga baya aka faɗaɗa abin zuwa Makera da Kutawa.

Ba na so in zalunci ƙungiyar. Ta yi abin kirki. A wurin horonta na koyi cewa awo ɗaya ba ya isa a ce mutum yana da hawan jini. Ita ta buga takardun wayar da kai da Hausa. Akwai likitocin da suka sha zuwa Kurfi da man motarsu, ba wanda ya biya su. Sai dai kuɗinta kaɗan ne: abin da mambobi ke biya duk shekara, wanda rabinsu sai Kawu ya bi su da waya har sun gaji da shi, da ɗan abin da ake samu na gudummawa. Daga ciki yake sayen batir da kati, da maganin wata ɗaya ko biyu ga waɗanda ya tabbatar ba su da halin saye, ya kuma rubuta sunayensu a wani littafi.

Wata shekara wani kamfanin magunguna ya ba ƙungiya gudummawa mai kauri, irin wadda ba ta taɓa gani ba. Kawu ya zo gidana da rana tsaka, ko zama bai yi ba.

"Uwata, an samu. Na lissafa. Na'ura sabuwa ga Kutawa, wata ga Makera, kuma mutanen da ke cikin littafina za su sha magani shekara guda ba yankewa."

Ya riga ya faɗa wa mutanen. Wannan shi ne kuskurensa, kuma ya san kuskure ne daga baya.

Aka kira taron mambobi a Katsina don a yanke yadda za a kashe kuɗin. Ni ma mamba ce, ina wurin. Shugaba, likita ne babba, kuma Kawu ya san shi tun yana sabon likita yana neman jijiya bai samu ba, ya kawo tsarin babban taron shekara: kwana biyu a otal, baƙi daga wasu jihohi, jakunkuna da huluna masu tambarin ƙungiya, lambobin yabo ga manyan baƙi. Ya ce ana bukatar ma'aji ya sa hannu a cakin kuɗin kama ɗakin taro a makon nan.

Kawu ya miƙe. "Ba zan sa ba."

Shugaba ya ce, "Baba, a yi haƙuri a saurare ni. Kamfanin nan don taron ya ba da kuɗin, yana so a ga sunansa. In ba mu yi ba, baɗi ba za su ba mu ko sisi ba. Kuma mambobi suna bukatar takardar shaidar halarta don sabunta lasisinsu. Ƙungiyar ƙwararru ce mu, ba asibiti ba."

Gaskiya ya faɗa, har ni na ji hujjar ta shige ni. Kawu ya ce a yi taron, amma a ɗakin taron asibiti, wuni ɗaya, a bar huluna da lambobin yabo, abin da ya rage a sayi magani. Da ya tsaya nan, ina jin da wasu sun bi shi. Amma Kawu bai iya tsayawa ba. Ya juya ya nuna wani mai harhaɗa magani da yatsa ya ce shekara biyu bai biya kuɗin ƙungiya ba amma shi ne kan gaba wajen zaɓen launin jaka. Ya ce wa wani likita bai san hanyar Kurfi ba sai ta otal. Cikin minti kaɗan ya ɓata wa duk wanda zai iya goya masa baya rai. Haka yake. In yana da gaskiya sai ya riƙe ta kamar sanda.

Aka ce a ɗaga hannu. Masu goyon bayan Kawu mutum uku ne, har da shi. Ni ban ɗaga ba, ba a nan ba, ba a can ba. Takardar neman a bar ni a Kurfi kusa da yarana tana kan teburin wani aminin shugaba a lokacin. Na sunkuyar da kai ina duba wayata kamar an kira ni.

Kawu ya karɓi biro ya sa hannu, tunda rinjaye ya yanke.

Aka yi taron, kuma na je. Abinci ya yi daɗi, laccocin ma wasu sun amfane ni. Na dawo da jakata. Bayan kwana biyu na biya ta gidansa, na manta tana rataye a kafaɗata. Ya dube ta.

"Tana da kyau, Uwata. Mi ke ciki?"

"Biro ne da littafi, da hula."

"To," in ji shi, ya ci gaba da gyaran rediyonsa.

A cikin mutanen littafinsa akwai wata mai daddawa a Kutawa, mace mai yawan dariya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Awonta kullum a sama yake, amma da magani ya sauko. Da maganin ƙungiya ya ƙare, Kawu ya riƙa saye da fanshonsa, sai dai fansho ba ya isa kowa. Ya zaɓi waɗanda ya ga sun fi haɗari, sauran ya aika musu su daure su saya a kemis kafin a samu. Mai daddawa ta saya sau ɗaya. Ta ga jikinta lafiya, ga kuɗin makarantar yara, ta bari. Cikin damina aka same ta kwance bakin murhu, hannu da ƙafar dama sun mutu.

Tare muka je duba ta. Tana kwance a ɗaki, magana ba ta fita sosai. Da ta ga Kawu ta yi ƙoƙarin ɗaga hannun mai lafiyar ta gaishe shi. Ƙanwarta da ke jinyarta ta ce, ba da faɗa ba, "Malam, kullum tana cewa kun ce za a kawo. Shi take jira."

Kawu ya tsuguna bakin ƙofa ya daɗe. Da muka fito ya ce mini, "Ni na ce mata. Da bakina." Daga ranar bai ƙara yi wa kowa alkawari da sunan ƙungiya ba. Ya ci gaba da kai mata magani duk wata har ta rasu bayan shekara ɗaya da wani abu.

A taro na gaba ya ba da labarinta. Aka yi salati, aka yi mata addu'a, aka wuce zuwa batu na gaba. A wannan zaman ne aka sanar cewa saboda shekarunsa da irin hidimar da ya yi, an ɗaga shi zuwa uban ƙungiya. Aka tafa. Uban ƙungiya ba ya sa hannu a caki, ba ya jefa ƙuri'a. Kawu ya gane, kowa ma ya gane.

Sai takardar. Sabon ma'aji da kwamitin bincike suka duba littattafan da ya miƙa, suka rubuto masa cewa akwai kuɗin da ya kashe babu rasit, ana so ya yi bayani cikin mako biyu. Sakatare, mai farin gilashi, shi ya sa hannu. Kawu ya ɗauko littafinsa mai bangon kwali ya nuna mini. Komai yana ciki da rubutunsa mai tsini: ɗan acaɓa zuwa Kutawa da dawowa, batir huɗu, hayar benci, ruwan sha na likitan da ya zo. Ya kira sakataren a gabana.

"Ɗana, ɗan acaɓa nawa ka taɓa gani da rasit?"

"Baba, wallahi ba zarginka ake ba. Ƙa'ida ce. Masu ba da gudummawa suna so su ga takardu."

"Hulunan suna da rasit?"

"Suna da shi, Baba."

"To madalla."

Ya kashe wayar. Washegari ya sa aka fito da buhunan dawar da ya noma a gonarsa, wadda gidan zai ci, aka kai kasuwa. Ya je banki ya zuba kuɗin a asusun ƙungiya har kwabo na ƙarshe, ya aika musu da takardar bankin, ya rubuta a bayanta: ga rasit. Hajiya ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Wannan shekarar 'ya'yansa ne suka riƙa aiko da hatsi, abin da bai taɓa yarda da shi ba a da.

Ni kuma na je na same shi na ce ya fita daga ƙungiyar. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Kawu, sun wulaƙanta ka. Sun mai da kai kamar ɓarawo. Kuma na ji har kuɗin ƙungiya na bana ka biya!"

"Na biya. In na fita, wa zai riƙa ce musu a'a?"

"Ai ba sa ji."

"Suna ji sarai. Yi ne ba sa yi." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma likitocin da ke zuwa Kurfi, ta ƙungiyar nake samunsu. In na yi fushi na fita, wa zai rubuta ma mutane magani? Ke?"

Na tashi na tafi ina huci, shi kuma ranar kasuwa ta zagayo ya ɗauki jakarsa. Ya ci gaba da zuwa kowane taro, yana zama a layin gaba a kujerar uban ƙungiya, yana ɗaga hannu duk da ya san ba a ƙirga nasa. In aka karanta rahoton kuɗi sai ya tambayi nawa aka kashe wa marasa lafiya. Matasan mambobi har sun sa masa suna a bayan idonsa, suna kwaikwayon muryarsa a wajen cin abinci. Na ji su da kunnena, nan ma ban ce komai ba.

Ciwon ajalinsa a ƙirji ya kama shi, tari da zazzaɓi bayan damina. Na ji wasu suna cewa hawan jini ne ya kashe shi, har da 'yar dariya, wai mai aunawa ya manta da kansa. Ƙarya ne. Ni nake auna shi safe da yamma a asibiti, awonsa daidai yake har ranar ƙarshe, kuma sai ya sa na juyo masa da na'urar ya gani da idonsa, don bai yarda da ni ba.

Wata safiya, Hajiya ta fita alwala, muka rage mu biyu. Na ce, "Kawu, ranar da aka yi ƙuri'ar nan, ban ɗaga hannu ba."

"Na gani."

"Ba ka taɓa ce mini komai ba."

"Mi zan ce? Kina da yara, takardarki tana hannun mutane. Da kin ɗaga mun zama huɗu, da dai an kada mu." Ya yi tari mai tsawo, na ba shi ruwa. Na ɗauka ya gama. Sai ya ce, "Amma na duba wajenki, Uwata."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bayan kwana huɗu ya cika.

Makon jiya wasiƙa ta zo gidan daga ƙungiya. An yanke shawarar a riƙa yin lacca duk shekara da sunansa, a fara a babban taro mai zuwa, a otal. Ana roƙon iyali su aiko da hotonsa mai kyau, wanda yake kallon gaba, don a buga a babban ƙyalle. A ƙasa an ƙara da cewa in iyali suna da halin taimakawa da wani abu wajen kuɗin shirye-shirye, za a yi godiya.

Na karanta wa Hajiya sau biyu, don ta ce ba ta gane ƙarshen ba. Da ta gane, ta yi wata irin dariya wadda ban ji ta yi ba tun rasuwar. Sannan ta sa aka ɗauko akwatin hotuna muka zazzage a kan tabarma. Muka duba ɗaya bayan ɗaya. A hoton aurena yana gefe, ya sunkuya a kan hannun wani baƙo. A na sunan jikansa ƙeyarsa kawai ta fito. Waɗanda aka ɗauka a Kurfi duk hularsa ake gani da kafaɗa, fuskar tana ƙasa wajen na'ura. Wanda yake kallon gaba guda ɗaya ne tak, ɗan ƙarami na katin fansho, ya haɗe rai kamar an ce ya sa hannu a wani abu.

"Ba su wannan," in ji Hajiya. "Haka suka san shi."

Ban aika ba tukuna. Sakatare ya kira ni sau biyu, na ce ina nema. Ban san ko zan je laccar ba. In na je, ban san ko zan iya miƙewa in tambayi nawa aka kashe a kan ƙyallen ba. Ina so in ce zan iya, amma na san kaina, kuma Kawu ma ya san ni.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Yana da zafin baki, ya ɓata wa mutane da yawa rai, Ka yafe masa wannan. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi, Ka haɗa shi da mai daddawar Kutawa a inda ba a jiran magani. Mu kuma da muka zauna muka yi shiru, Ka yafe mana, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.